Buhu Goma Na Ce Masa

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: ni ne wawan wannan labari. Akwai bakanike a ciki, akwai ɗana, akwai tsohuwata, wato uwar 'ya'yana, na kuma juya maganar ta kowane gefe ko zan samu wanda zan yaga wa rabonsa na laifin, ban samu ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda yanzu lokaci ya yi min yawa, kuma aji huɗun da na yi a elementare bai kamata ya tafi a banza ba.

Direba ne ni, ko in ce a da direba ne. Shekara arba'in da 'yan kai ina jan a-kori-kura tsakanin Jibiya da ƙauyukanmu, wani lokaci in tsallaka iyaka in taɓa ƙasar Maraɗi in dawo. Gero, wake, albasa, awaki, ƙyauren ƙofa, gadon ƙarfe, babu abin da ban ɗauka ba. Motocina na farko masu kafireto ne. In ɗaya ta yi gardama, sai in buɗe bonet, in kwance, in hura da bakina, in ɗaure, ta tashi. Mun san halin juna da su. Da ta ƙarshensu ta gaji, babban ɗana da ke aiki a Katsina ya sayo min wata fara 'yar Kwatano. Na buɗe bonet na nemi kafireto sama da ƙasa ban gani ba. Aka ce ai wannan ba ta da shi, ƙwaƙwalwa gare ta, wani ɗan akwati ɓoye a bayan dashbod. Shi ke yanke yawan man da za a ba inji, da lokacin da filogi zai ba da wuta. Na ce to madalla, gidanmu ya samu mai ƙwaƙwalwa ta biyu bayan tsohuwa.

Shekarun farko lafiya lau. Daga nan fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Iyaka kuma yau a buɗe, gobe a rufe, jibi ba wanda ya san matsayinta. Hanyoyin wasu ƙauyuka suka zama ba a bin su in la'asar ta wuce. Abokan tuƙina suka yi ta raguwa, wani ya sayar ya koma acaɓa, wani ya koma gona, wani aka kai shi makwancinsa. Ba zan ce abin ya dame ni ba. Nakan ji an ce wane ya tafi, in ce Allah ya jiƙansa, in je in duba ruwan lagireto. Akwai wani wuri a ƙirjina da ya daɗe da yin kanta, irin ta tafin hannun mai riƙe sitiyari. Ko ka matsa ba na ji.

Wata Juma'a, damina na shirin ɗaukewa, yaron nan ya zo daga Katsina. Bayan an ci abinci ya zauna a gefen tabarma, kansa a ƙasa, na san da magana.

"Baba, motar nan fa ita ke cin ku, ba ku ke cin ta ba. Duk abin da ta samo a tankinta yake ƙarewa. Ga idonku, ga gwiwarku. A sayar da ita ku huta."

Na ce, "Hutu na nan tafe, mai tsawo ma, wanda ba mai tashina."

Bai yi dariya ba. Yaran da suka yi boko mai zurfi ba su cika dariya a inda ya kamata ba. Muka ja maganar har muka tsaya a kan cewa a bar ni zuwa ƙarshen kaka. In kaka ta wuce motar na nan tana shan mai kamar raƙumin da ya fito daga sahara, in ba shi makulli da hannuna.

Tsohuwa na daga ƙofar kicin tana tankaɗe, ta ce, "Malam, ka ba shi yanzu mana, ka rage wa yaro zirga-zirga."

Ita ba ta san abin da makulli yake ba. Mutumin da ke da makulli a aljihu, in ya fito daga masallaci da asuba akwai inda za shi. In babu, sai bencin nan na ƙarƙashin bishiyar bedi a bakin tasha, inda tsofaffi ke zama suna kallon motocin wasu, suna faɗin wadda taya ta kusa fashe mata. Na sha wuce su in ɗaga hannu. Ban taɓa son in san ko bencin na da laushi ba.

A tasha na ji labarin wani mutumin Maraɗi da ke zuwa ranar kasuwa, yana zama a wata rumfa bayan gareji. Aka ce ba ya kwance komai, magana kawai yake da ƙwaƙwalwar mota, sai ta rage shan mai ta ƙara ƙarfi. Na je. Mutum ne da zai yi shekara arba'in, da tabarau, da farar riga, hannunsa fes babu ɗigon baƙin mai. Tun daga nan na so in juya, don bakaniken da farcensa ke da tsabta ban san inda zan ajiye shi ba. Amma na tuna benci, na tsaya.

Ya gaishe ni har ƙasa, ya shiga gaba ya zauna, ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya jona wata waya, ya ɗora kwamfuta a cinya. Lambobi suka cika fuskarta, layi-layi, cikin akwatuna masu launi, kore da rawaya da ja. Na sa nawa tabarau na leƙa, ina gyaɗa kai kamar na ga wani kuskure da zan yi masa magana a kai daga baya. Ko Turanci ne ko Faransanci ban sani ba. Aji huɗu bai kai nan ba.

Ya yi min bayani a hankali. Ya ce waɗanda suka ƙera motar ba su san hannun da za ta faɗa ba, don haka suka bar mata rara. Suna ba ta mai fiye da buƙata don kada ta yi zafi in an yi mata lodi, suna kuma jinkirta wutar filogi don kada mugun mai ya cuce ta.

"Rarar nan nika ragewa, Baba. Amma sai na san aikin da take yi, in san inda zan tsaya. In na rage hiye da kima, ita za ta ji jiki. Tambaya ukku gare ni."

Nan sai na dakata in yi wa wanda ba ɗan bakin iyaka ba bayani. A hanyarmu, ta nan da ta can, akwai shingaye, kuma a kowane shinge akwai mutum da biro da takarda. Zai tambaye ka buhu nawa. Sai ka ce goma. Zai taka taya ya hau ya ƙirga, ya samu ashirin da biyar, ya rubuta ashirin da biyar. Ba ya fushi, kai ma ba ka jin kunya. Kamar gaisuwa ce. In ka yi gangancin cewa ashirin da biyar tun farko, sai ya ɗauka hamsin ne, ya sa a sauke kayan duka a rana. Ta ina ka biyo? Kwalta. Ina ka sha mai? Gidan mai. Na yi shekara arba'in ina ba da amsoshin nan, har sun daina bi ta kaina. Daga kunne suke zarcewa baki.

To ga mutum zaune da na'ura a cinya, yana tambaya, yatsunsa na jira su rubuta.

"Lodinta, buhu nawa?"

"Goma."

Ya sauka ya zaga bayan motar, ya durƙusa ya duba, ya dawo.

"Baba, sifirin ɗin bayan nan an ƙara mishi ƙarfe har biyu."

"Haka na same ta. Mai ita na farko ne, wani marar tausayi."

Ni na sa aka ƙara su, da kaina na tsaya a kan maƙerin.

"Goma dai, ka tabbata?"

"Wani lokaci ma tara."

Ya rubuta. "Isansi hwa? Na gidan mai ko na jarka?"

"Ni da man jarka? Dube ni da kyau."

A bayan kujerar da yake zaune akwai mazurarina da tsumman da nake tace man bakin hanya da shi. Da ya miƙa hannu baya da ya taɓa su.

"Hanya, gudaro ko rairayi?"

Gudaro shi ne kwalta a bakinsu. Na ce gudaro zalla, daga Jibiya zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Jibiya, kamar ɗan makaranta.

Ya dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "In haka ne, ina iya matse ta sosai." Ya canza lambobi a wasu akwatuna, ya ce kada in taɓa makulli har sai wani layi ya cika. Muka zauna muna kallon layi yana tafiya. Ban taɓa ganin gyaran mota da aka yi shi shiru haka ba. Ko sifana ba a ɗaga ba.

Muka fita gwaji a hanyar Katsina, mu biyu, baya babu ko tsinke. Na ɗan taɓa totur, motar ta zabura kamar an tsikare ta. Muka je muka dawo, allurar mai na nan inda na bar ta. Da zai sauka ya riƙe ƙofa ya ce, "Abu biyu, Baba. In ka ji tana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, ɗaga ƙahwa, ka kawo mini ita. In kuma aikinta ya sake, lodi ya ƙaru ko ka shiga daji, ka zo in maida mata rararta. Ba ya ɗaukar lokaci."

Na ce to. Na ji shi sarai. Wannan ma ina so a rubuta.

Sati biyu ina jigilar fasinja da 'yan kwandunan tumatir a kan kwalta, kuma gaskiya mutumin ya iya aikinsa. Man da ke kai ni kwana biyu ya koma yana kai ni uku. Na buga wa yaron waya na gaya masa, ya ce, "To, Baba, Allah ya sa haka." Na gaya wa tsohuwa, na ƙara da bayanin rara da jinkirin wuta, yadda na fahimta da yadda na ƙirƙira.

Ta ce, "Ita an gyara mata tata. Kai yaushe za a kai ka?"

Sai gero ya shigo. Wani ɗan kasuwa ya ce in kwaso masa kaya daga wani ƙauye a bayan Bugaje. Irin aikin da nake jira ke nan, aikin da zai nuna wa mutanen Katsina cewa motar na ciyar da kanta. Na tuna maganar mai tabarau cewa in zo a mayar da rara. Amma ranar kasuwa da sauran kwana huɗu, kuma in na je sai na ce masa goman nan ta haihu. Na ce a raina sau ɗaya dai ba zai yi komai ba.

Da safe gidan mai a rufe, na tsaya wajen masu jarka. Man ya fito da launin shayin da aka yi wa rowar ganye, yana ɗan warin kalanzir. Na tace shi da tsummana, kamar tsumma na iya tace wari. A ƙauye 'yan dako suka yi ta jerawa har buhu ashirin da shida. Mai kaya ya shiga gaba, mutum biyu suka hau can sama. Muka taso rana na tsakiyar ka.

Akwai wata ƙorama a hanyar, ta ƙafe, rairayi ne zalla mai zurfi, daga ita sai hawa mai tsawo. Na sa giya ta ɗaya, na taka. Muna tsakiyar rairayin na ji ta. Tsakuwa cikin gwangwani, daidai yadda ya faɗa, har na yaba masa a raina da iya kwatance. Ya ce in ɗaga ƙafa. Amma duk wanda ya taɓa tuƙi a rairayi ya san ba a ɗaga ƙafa. Ka ɗaga, ka nutse har gindi, kuma wurin ba inda mutum zai so ya daɗe a tsaye ba ne a wannan zamani. Na ƙara takawa. Allurar zafi ta tashi tsaye, ta wuce, ta kwanta a ja. Mai kaya na cewa, "Direba, wannan ƙarar fa?" Na ce gaisuwa take yi.

Ta fitar da mu daga rairayin, wannan ba zan ci mata haƙƙi ba. Ta hau har kan tudu. Nan na ji wani abu ya faɗi a cikinta kamar an saki taɓarya a turmin da babu komai, hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ta yi shiru.

Na murɗa makullin na kashe abin da ya riga ya mutu. Na sauka. Mai kaya na magana, ina ganin bakinsa na motsi. Na zauna a inuwar motar, na jingina da taya, na ciro ƙullin dafaffiyar gyaɗa da tsohuwa ta sa min a aljihu. Wani buhu ya ɗan huje, gero na zuba ɗaya-ɗaya, tururuwa har sun samu labari. Na zauna ina ɓare gyaɗa ina kallonsu. Na jira baƙin ciki ya zo, yadda ake jiran fasinjan da ya ce a ba shi minti biyu. Bai zo ba. Gyaɗar dai ta ji gishiri daidai.

Kafin la'asar wata mota ta zo ta kwashe kayan a sawu biyu, wata tarakta ta ja mu zuwa gari. Bakanikenmu na gargajiya, mai baƙin farce, ya buɗe injin washegari. Ya ciro fistin guda ya miƙo min. An huda shi a tsakiya, rami har babban yatsana na shiga. Na kusa da shi ya narke ta gefe kamar kyandir. Inji ya buga, bugun da ba a tashi.

Ranar kasuwa na sa fistin a aljihu na nufi rumfar mai tabarau. Na shirya jawabi tun daga gida, mai gabatarwa da kammalawa. Na tarar da mutane a wurin, direbobi da 'yan dako suna shan inuwa, na ji daɗi, don jawabi na son jama'a. Na ajiye fistin a kan teburinsa.

"Ga aikin ƙwaƙwalwarka."

Ya ɗauka ya juya shi, ya leƙa ramin, ya shinshina. Ya ce, "Sannu, Baba. Buhu nawa ke kanta?"

"Goma."

Wallahi ban yi niyya ba. Bakin ne ya riga ni. Wani ɗan dako mai furfura kamar tawa ya ce daga inda yake kishingiɗe, "Ashirin da shida. Ni na ɗora na ƙarshe, har yanzu bayana bai yafe ba." Aka yi dariya, ba mai yawa ba.

Mai tabarau bai yi ba. Ya buɗe kwamfutarsa ya juyo min da ita, ya nuna wasu layuka uku da yatsa. "Ga abin da ka ce. Goma, gidan mai, gudaro. Sau biyu na tambaye ka."

Na ce, "Kai ba ɗan yankin nan ba ne? Wa ya taɓa jin direba ya ce goma aka rubuta goma? Ai sai ka hau ka ƙirga."

"Ran nan bayanta wayam ne, Baba, mi zan ƙirga? Mai shinge ciniki kuke yi da shi. Inji bai san ciniki ba. Abin da ka hwaɗa mini, shi na hwaɗa mishi."

Na ci gaba da jawabina duk da haka, tunda na riga na shirya shi. Na yi maganar kanikancin da, na yi maganar kafireto, na ce a zamaninmu mota ba ta jin ƙarya balle ta yi aiki da ita. Ya saurare ni har na gama, ya nannaɗe fistin a takarda ya miƙo min da hannu biyu.

Yaron ya zo ranar Asabar. Muka je gareji tare. Injin na baje a kan buhu, gunduwa-gunduwa, kaji na yawo a tsakani. Ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, da ma ba ya yi. A gida ya zauna a gefen tabarmar nan, wuri ɗaya da na wancan karo.

"Baba, buhu nawa ne?"

Na buɗe baki, na rufe, na sake buɗewa. "Ashirin da shida." Kalmar ta yi min wani iri a baki, kamar na sa haƙoran wani.

Bai miƙo hannu ba. Ni na ciro makullin na ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Kaka ko rabi ba ta yi ba. Wani mai sayen matattun motoci ya zo ya ja ta bayan kwana biyu. Na tsaya a ƙofar gareji har ta sha kwana. Na lura fitilar baya ta hagu a fashe take, na ce a raina ya kamata a canza ta, sannan na tuna ba ruwana.

Bencin ba shi da laushi, in akwai mai son sani. Amma ana sabawa. Ina zuwa bayan hantsi, in dawo da azahar. Fistin na nan gida, tsohuwa na tokare ƙofar kicin da shi.

Rannan da yamma tana tsince shinkafa a faifai, ni kuma ina kan tabarma ina yi mata bayanin yadda duniya ta lalace. Na ce an wayi gari masu gyara ba su san zance ba, sai abin da aka rubuta. Na ce laifin na'ura ne da ba ta da kunya ba ta da hankali. Na ce, "Shekara arba'in ina cewa goma a hanyar nan, ko taya ba ta taɓa fashe min a kai ba."

Ba ta ko ɗago ba. Ta jefar da wata tsakuwa gefe.

"Shekara arba'in ba wanda ya yarda da kai ne, Malam. Mutum ɗaya ya ga furfura ya ɗauke ka dattijo, ka ga abin da ya jawo."